Ruwa Ya Ɗauke, Wa Zai Kwashe Yashin?



Kafin ka yi nisa cikin wannan rubutu, don Allah ɗan leƙa magudanar ruwan da ta fi kusa da ƙofar gidanku, in ma akwai ta ke nan. Mun san abin da za ka gani. Yashi ya cika ta har baki, leda ta yi mata saƙa, ga tsumma, ga ɓawon mangwaro, wani wurin har ciyawa ta tsiro ta bushe, wani wurin mai shago ya shimfiɗa katako a kai ya kafa tebur. Yanzu bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas in la'asar ta yi. Kowa na roƙon Allah ya kawo damina mai albarka, mu ma muna cikin masu roƙon. Amma akwai tambayar da muka daɗe muna son a amsa mana tun ruwa bai sauka ba: in aka yi babban ruwa cikin dare, gari ya waye yashi ya binne kwalta, unguwa ta zama tafki, aikin wa ne ya fito, da wane kayan aiki, kuma daga wace hanya zai fara?

Amsar da idonmu ya saba gani ita ce samarin unguwa. Su ne ke fitowa da shebur da fartanya da baro tun ba a gama sallar asuba ba, su fasa wa ruwa hanya, su jera buhunan ƙasa a ƙofar gidajen da ya fara ci. Mata na kwasar ruwa daga ɗaki da kwano da bokiti. Mai amalanken shanu na fitar da gero da katifa daga gidan da bango ya tsage. Ɗan kabu-kabu ne ke gaya wa mutane hanyar da ta yanke da wadda ake iya bi. Motar meri kuwa, in ta zo, tana zuwa ne bayan jama'a sun gama rabin aikin da hannunsu.

Ba mu manta da Juma'ar 30 ga watan Agusta na 2024 ba, kuma bai kamata a manta ba. A ranar ruwa ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi a birnin Maradi. Alƙaluman farko da gwamnan jiha ya bayar sun ce mutum 15 aƙalla sun rasu. Gidaje sun faɗi, ruwa ya ja motoci, wutar lantarki da ruwan famfo sun samu matsala, hanyar Damagaram ta tsaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Zuwa ƙarshen watan Satumba na shekarar, hukumomi sun ƙirga mutum 339 da ambaliya ta kashe a faɗin Nijar, kuma jihar Maradi ce ke kan gaba da mutum 111.

Bari mu ɗan yi lissafi, don mutane da yawa in an ce milimita ba sa ganin girman abin. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta ruwa a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. Gida mai faɗin murabba'in mita 300, in milimita 150 ta sauka kansa, ya karɓi lita 45,000 ke nan, wato tano 225 mai cin lita 200. Gida ɗaya fa. Sai ka ninka da gidajen layinku, da na unguwarku, da rufin kasuwa da tasha da makarantu. Ruwan da Maradi ke samu a shekara guda yana kewayen milimita 500, ka ga fiye da rubu'in damina ya zubo tsakanin azahar da la'asar, in a misali ne. Mu ba za mu yi wa kowa ƙarya ba: babu magudanar da za ta shanye irin wannan ruwa ba tare da ta tumbatsa ba, ko a wace ƙasa take. Wanda ya ce da an yi kaza da kaza da ko ɗigo bai shiga gida ba, son zance yake.

To amma wancan awa ɗaya da rabi daga Allah ne. Makonnin da suka biyo baya kuwa a hannun mutane suke. Kan waɗannan makonni ne muke magana.

Domin ruwa in ya wuce ba ya tafiya da kayansa. Yana barin yashi a kan kwalta, tudu-tudu, inda babur ke kwasar mutum ya kayar, inda motar ɗaukar mai naƙuda ke kafewa. Yana barin kududdufi a tsakiyar layi, sauro ya samu gidan haihuwa, ga shi dama watannin Agusta da Satumba su ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadajen asibiti da yara. Yana rusa masai, ƙazanta ta bi ruwa ta shiga rijiya da fasasshen bututu. Wanda ya ga abin da amai da gudawa ya yi a gundumar Madarunfa a 2018, da abin da ya sake yi a jihar nan a 2021, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yana barin bango jiƙe, wanda bai faɗi ranar ruwa ba sai bayan kwana uku, da dare, mutane na barci. Yana barin iyalai cikin azuzuwan makaranta, abin da ya sa gwamnati ta ɗage komawa karatu a 2024 daga 2 zuwa 28 ga watan Oktoba. Kowace rana ɗaya da aka yi jinkirin kwashe yashi da zuƙe ruwa, ana biyan kuɗinta a ɗakin likita da aljihun ɗan kasuwa da karatun yaro.

Kuma abin ba baƙo ba ne a garin nan. Tsofaffinmu sun san Maradi ba nan take ba a da. A cikin fadama take, bakin Gulbi, har ambaliyar 1945 ta ci ta, Turawan Faransa suka tayar da garin suka maido shi bisa tudu, aka yanka sababbin filaye da layuka. Wato garin da muke ciki yau ruwa ne ya zaɓa masa wurin zama. Tun daga lokacin shimfiɗar ƙasar ba ta canza ba: tudu na gabas, Gulbi na yamma, duk ɗigon da ya sauka a sama sai ya nemi hanyar gangarawa ƙasa. Abin da ya canza shi ne yawanmu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 267,000 a birnin, kuma kowa na ganin yadda gari ya ci gonaki tun daga lokacin. Gonar da a da ke shanye ruwa ta zama rufin kwano da daɓen siminti. Ruwan da ya tashi daga sababbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo ba ya tsayawa can, yana ɗauko yashi ya bi gangare ya nufi wajen tsofaffin unguwanni, su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Mokoyo, inda gidajen laka suka fi yawa, inda kuma masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa. Wannan hanya ta ruwa ba asiri ba ce. Kowane mai unguwa zai iya zana ta a ƙasa da sandarsa.

An yi gine-gine, ba mu musa ba. Bikin 18 ga Disamba na 2015, Maradi Kwalliya, ya bar mana hanyoyi da fitilu da magudanai da ba mu da su a da. Akwai kuma shirin PIDUREM da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022 don taimaka wa birane, har da namu, su jure wa ambaliya. Madalla. Sai dai magudana kamar rijiya ce, wanda ya gina ya yi aikin shekara ɗaya, mai yasa shi ke da aikin kowace shekara. A ƙasa mai yashi irin tamu, magudanar da ba a yashe ba damina biyu ta zama kabarin kuɗi. Yanke kyalle ranar buɗe sabon aiki yana da daɗin hoto, yasar lambatu kuwa babu mai ɗaukar hotonta, shi ya sa ta zama marainiya a kasafin kuɗi.

A nan bari mu ɗan leƙa waje, wurin mutanen da bala'insu na kowace shekara ba ruwa ba ne, dusar ƙanƙara ce. Kada wani ya ce mene ne haɗin kifi da kaska. Haɗin shi ne abu ne da ke faɗowa daga sama a lokacin da aka san zai zo, ya toshe hanya, ya hana mutane fita, sai hukumar gari ta zo ta kwashe. Birnin Montreyal na ƙasar Kanada yana da tituna da hanyoyin ƙafa da suka kai kilomita 10,000 da yake sharewa duk hunturu, yana kashe kuɗin da ya doshi dalar Kanada miliyan 200 a kan wannan aiki kaɗai. Ba kuɗin ne ya ja hankalinmu ba, mun san mu da su ba ɗaya ba ne. Tsarin ne. An kasa titunan birnin daki-daki tun kafin hunturu: manyan hanyoyi da na asibiti da na motocin jama'a su ne farko, sannan matsakaita, sannan ƙananan layuka. An san yawan dusar da in ta taru za a fara lodi. An san wuraren da za a kai a zubar. An ƙulla yarjejeniya da masu manyan motoci tun rani. Mutumin gari yana iya duba wayarsa ya san daren da za a zo layinsu, ya janye motarsa. A New York ta Amurka, motocin kwasar shara ne ake ɗaura wa ƙarfen turewa a gaba in dusa ta sauka, kuma doka ta ɗora wa kowane mai gida share hanyar ƙafar da ke ƙofarsa cikin ƴan awoyi. Ka ga an raba aiki: ga na hukuma, ga na mai gida, kowa ya san nasa.

Akwai kuma labarin Shikago, wanda ya kamata duk mai riƙe da gari ya sani. A watan Janairun 1979 dusa mai kaurin kusan rabin mita ta rufe birnin, aka yi kwanaki hanyoyi a toshe, magajin garin lokacin, Michael Bilandic, yana ta ba da uzuri. A watan Fabrairu aka yi zaɓen fidda gwani, wata mata mai suna Jane Byrne ta kayar da shi, ta kuma zama mace ta farko da ta mulki birnin. Dusa ce ta ci kujerarsa.

Mu a nan yau babu akwatin zaɓen da za mu yi wa wani irin wannan hisabi da shi. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomin riƙo. Ba muhawarar wannan mataki muka zo yi yau ba. Abin da muke cewa shi ne, a da talaka yana da kansilan da zai je ya tsaya ƙofar gidansa da safe ya ce masa layinmu ya toshe, kuma kansilan ya san zai dawo neman ƙuri'a. Yanzu da babu wannan, nauyin bayani ya ƙaru a kan wanda aka naɗa. Wanda jama'a ba su zaɓa ba, hanyar da ta rage masa ta samun yardarsu ita ce ya buɗe musu littafi su gani. Kuma masu mulkin yanzu kullum suna maganar ƴancin kai da dogaro da kai. To, dogaro da kai yana farawa ne daga gari ya iya buɗe hanyar asibitinsa da kansa, ba sai an jira wata ƙungiyar waje ta kawo gazuwal ba.

Don haka abin da muke nema daga ma'aikatar magajin garin Maradi da da'irorinta uku ƙarami ne in aka kwatanta da gina gada. Takarda muke so. A rubuta, a liƙa a ƙofar meri da ƙofar masu unguwanni, a karanta a gidajen rediyo da Hausa, kafin ruwan farko mai ƙarfi. Ta faɗi hanyoyin da za a fara buɗewa bayan babban ruwa da waɗanda za su biyo baya. A ganinmu hanyoyin babban asibiti da gidajen haihuwa da na ƴan kwana-kwana su ne gaba da komai, sannan hanyar babbar kasuwa da tashoshi, da manyan hanyoyin da suka haɗa mu da Yamai da Damagaram da Ɗan Isa. Ta faɗi tifa nawa gari ke da ita, katafila nawa, injin zuƙe ruwa nawa, kuma a faɗi gaskiya: nawa ke tashi, nawa ke kan duwatsu a gareji. Ba abin kunya ba ne gari ya ce motata biyu ce ke aiki. Abin kunya shi ne a gano haka ranar da ruwa ya ci unguwa.

In kayan aikin ba su isa ba, kuma mun san ba za su isa ba, ai Maradi garin Alhazai ne. Manyan motoci sun fi a ƙirga, masu kwangilar gini suna da katafila, sojojin injiniya suna da nasu, masu lambu suna da injinan ban-ruwa da ke hutawa da damina, masu amalanke suna neman aikin yini. Me zai hana a zauna da su yanzu, a yanke farashin yini, a rubuta sunan kowa da lambarsa da unguwar da zai nufa in an kira? Ba a fafe gora ranar tafiya. Cinikin da aka yi ruwa na kan titi, tsada yake yi, kuma a irinsa ne kuɗin jama'a ke sulalewa ba a san inda suka shiga ba.

Sai wata magana da muke so mu tsaya a kanta, don duk shekara tana ƙona mana rai. Ana yin yasar magudanai kafin damina, ba za mu ce ba a yi ba. Za ka ga an ɗauko samari, an ba su shebur, sun shiga cikin lambatu har gwiwa babu takalmin roba babu safar hannu, sun yini suna fito da baƙin laka mai wari. Aiki mai wuya, Allah ya saka musu. Sai a jibge lakar nan a bakin magudanar, wai sai ta tsane a zo da mota a kwashe. Kwana uku, mako ɗaya, mako biyu, motar ba ta zo ba. Awaki su tona, yara su yi wasa a kai, iska ta watsa wa masu tuyar ƙosai. Ruwan farko na sauka, duk ta koma inda aka ciro ta. An biya leburori, an rubuta rahoto cewa an yashe mita kaza, magudana kuwa tana nan yadda take. Yo wannan aiki ne ko wasa da dukiyar talaka? Yasa da kwasa aiki ɗaya ne, kada a biya rabin farko sai an ga na biyu. A kuma ware wurin zubarwa tun da wuri. Yashin da ruwa ya tara a kan kwalta ma ba shara ba ne, ga ramuka da zaizayar da ke cin layuka suna jiran a cike su.

Kuɗin fa? Ƴan kasuwa na biyan tikiti kowace rana. Masu shaguna na biyan patanti. Ana karɓar harajin gari, ana karɓa a tasha, ana karɓa a kara, ana karɓa wurin sayar da fili. Ba mu ce kuɗin sun isa komai ba, mun san meri na kuka da rashin biyan haraji da ƙarancin abin da ke zuwa daga Yamai. Amma a nuna mana layi ɗaya a kasafin shekara da aka rubuta "yasa da kwasa bayan ruwa", da adadin da aka sa, da abin da aka kashe a ƙarshen damina. Mutumin da ya ga inda dalarsa ta tafi ya fi saurin ciro ta biyu.

Yanzu mu fita daga birni kaɗan, don ruwa bai san iyakar hukuma ba. Gulbin Maradi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya wuce gefen Maradi, ya nufi Tibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya. Gulbi ɗaya ne. Amma Jiratawa tana ƙarƙashin gundumar Madarunfa, Tibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji, birnin Maradi kuma yana da nasa matsayi daban. Hukuma uku a kan ruwa ɗaya, tsakaninsu tafiyar ƴan mintuna a babur. Duk ledar da ta fita daga magudanan Maradi, da ƙazantar da ta biyo ta, mutanen ƙasa ne ke karɓa. In kuma Gulbi ya cika daga sama, mutanen Jiratawa ne ke fara gani, awoyi kafin ya iso Tibiri. Wa aka ɗora wa alhakin ya ɗaga waya ya faɗa? In akwai shi, jama'a su san sunan ofishinsa da lambarsa. In babu, gwamnan jiha shi ne mai ikon tara ukun a ɗaki ɗaya, da wakilan Sarkin Katsinan Maradi da Sarkin Gobir, tun da masu gari da masu unguwa su ne ke isa inda takardar ofis ba ta isa.

A Jiratawa matsalar ta wuce ta hanya. Filin noman rani na can, mai faɗin hekta wajen 500, shi ke ciyar da kasuwannin Maradi da zogale da kayan miya. In ruwa ya kwanta a kansa ko ya binne hanyoyin ban-ruwa da yashi, ko ya yanke hanyar da ake fito da kaya, uwar gida a Sabon Gari za ta ji a kuɗin cefane kafin mako ya zagayo. Ƙaramar hukuma irin Jiratawa ko Tibiri ba za ta iya sayen katafila don aikin kwana goma a shekara ba, kuma babu hikima a ce ta saya. Abin da ya dace shi ne a yi tarayya a kan kayan aiki ɗaya, a san ranar kowa da abin da kowa zai zuba na mai.

Maganar madatsar Jibiya kuwa, wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri ranar 10 ga Satumba na 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ya san gargaɗin awa uku na iya raba rai da mutuwa. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwayen da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu, har da Gulbin Maradi. Duk abin da ke tsakanin Yamai da Abuja na siyasa, kada ya hana wayar da ke tsakanin mai kula da ƙofar madatsa da mutanen da ke kwance a bakin Gulbi. Katsinawan can da na nan uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Mun san abin da za a ce mana, don an sha faɗa: laifin jama'a ne, su ke zuba shara a magudana, su ke gini a kan hanyar ruwa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba za mu rufa wa kanmu asiri ba. Dukanmu mun san gidan da hadari na haɗuwa za a turo yaro da kwandon shara ya juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Tafi da ita ina? Ƙofar maƙwabcinka na ƙasa. Wannan zalunci ne ko da ba a kira shi da sunansa ba, kuma muna roƙon malamai su faɗe shi a kan mumbari kamar yadda suke faɗar sauran haƙƙoƙin maƙwabtaka. Amma a bar tambayar ta kai ƙarshenta. Matar da ke da shara, babu bola kusa, babu mai zuwa kwasa, ina ake so ta kai? Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ƙananan ledoji da sayar da su a Nijar, wa ya hana a yi aiki da ita? Wanda ya gina gida a kan hanyar ruwa, da yawansu takarda ce a hannunsu mai hatimi. Wa ya yanka filin, wa ya sa hannu, wa ya karɓi kuɗin? In za a hukunta mai kwandon shara, a fara da mai hatimi.

Aikin gayya kuma muna tare da shi ɗari bisa ɗari. Iyayenmu sun yi shi zamanin Samariya, ƴan fada na yin sa yau ba tare da an roƙe su ba. Sai dai shebur yana da iyaka. Samari ashirin za su iya buɗe layi, ba za su iya ɗauke tifa talatin ta yashi daga kan babbar hanya ba, ba za su iya zuƙe tafkin da ya kwanta a tsakiyar unguwa ba. Kada ƙoƙarin yaran nan ya zama mafakar hukuma. A ba su kayan aiki da takalmi, a turo musu mota ranar da suka fito, a san wanda zai ɗauki kuɗin magani in kwalba ta yanke ɗaya daga cikinsu.

Haka nan buhun shinkafa da tabarma da bargo da ake rabawa bayan ɓarna. Wanda ɗakinsa ya faɗi yana bukatarsu, Allah ya saka wa duk wanda ya bayar. Amma mun lura agaji ya fi samun manyan baƙi da na'urar ɗaukar hoto fiye da yasar magudana, alhali kuɗin da ake kashewa a rabon mako ɗaya zai yi aikin rigakafi mai yawa. Kuma ba a ce ba a sani ba: cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da hukumar hasashen yanayi suna fitar da hasashen damina tun kafin ta kama, na 2024 ya faɗi cewa ruwa zai yi yawa a yankin Sahel. Aka ji, aka wuce.

A namu ɓangaren ga abin da za mu yi. Cikin makonni biyu masu zuwa ƴan ƙungiyarmu za su zagaya da'irori uku na birni da Tibiri da Jiratawa, tare da duk mai unguwar da ya yarda ya raka mu, mu rubuta kowace magudana da ta toshe, kowace ƙaramar gada da yashi ya cike, kowane wuri da ruwa ke kwana fiye da kwana biyu. Wanda ke da irin wannan a layinsu ya ɗauki hoto ya turo mana da sunan unguwa da wata alama da za a gane wurin, masallaci ko makaranta ko famfo. Kada a sa fuskar kowa, kada a sa zagi, wurin kawai muke so. Za mu haɗa su cikin takarda ɗaya mu kai ofishin kantoman birni da na Tibiri da na Jiratawa da fadar gwamna, mu karɓi shaidar an karɓa. Ranar da muka kai za mu faɗa a nan. Amsar da aka ba mu za mu wallafa ta yadda take, ba ƙari ba ragi, wurin da aka gyara kuma za mu koma mu ɗauki hotonsa mu yaba wa wanda ya gyara. Wuraren da ba a taɓa ba za mu sake jero su da sunayensu ranar 1 ga watan Yuli.